Tsakanin Fara da Shuɗiya

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe 9:20 na safe

Na buɗe wannan littafi ne domin tarihi ya shaida cewa a gidanmu an taɓa yanke hukunci guda bisa hujja da alƙaluma, ba bisa "in ji wane" ba. Jiya da la'asar Baba ya kira ni ɗakinsa, ya shaida mini cewa kuɗin filin da aka sayar sun shigo, kuma ni ya ɗora wa alhakin nemo mana motar gida: ta hannu, mai shan dizal, wadda za ta ɗauki mutum biyar ba tare da gwiwar kowa ta gaisa da haɓarsa ba. Na karɓi amanar da natsuwar da ta dace da mai digiri a kimiyyar ƙididdiga. Yaya, wadda ta girme ni da shekara shida kuma take ganin hakan ya ba ta lasisin raina ni har abada, ta ce, "To, Farfesa, yau dai digirin ya sami aikin yi." Zaman wata goma sha ɗaya babu aiki ba laifina ba ne, naƙasun tsarin tattalin arziki ne.

Muƙaddimar mas'alar ita ce: asibitin da ake kai Baba wankin ƙoda yana da nisan kilomita saba'in daga ƙofar gidanmu. Litinin, Laraba, Juma'a. Zuwa da dawowa ɗari da arba'in, a mako ɗari huɗu da ashirin. Wata biyu ke nan ana wannan zirga-zirga a motar haya, kuma motar haya ba ta dace da mutumin da ya yi awa huɗu a kishingiɗe da allura biyu a hannu ba. Balle mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana jan tirela, yanzu ake ce masa, "Baba, ɗan matsa ciki."

Amma wannan ba shi ne maudu'in ba. Maudu'in mota ne.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe 2:45 na rana

Na ziyarci filayen sayar da motoci huɗu. A na huɗun na taƙaita zaɓi zuwa biyu, wuri guda, hannun dillali guda: wani ɗan gajeren mutum mai tarin makullai a yatsa, wanda bai taɓa gama jimla ba tare da rantsuwa ba.

Ta farko fara ce. Mitarta na nuna kilomita dubu ɗari uku da goma sha biyu. Kujerar direba ta lotsa, sitiyarin ya yi santsi har yana sheƙi. Ta biyu shuɗiya ce, kilomita dubu casa'in da huɗu kacal, tana ƙamshin sabulu, har da ledar kamfani a madubin gefen fasinja. Shuɗiyar ta fi Farar tsada da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kuɗinmu za su iya sayen kowacce, sai dai in Shuɗiya aka saya, abin da zai rage ba zai sayi ko safayar taya ba.

"Yallaɓai," in ji dillalin, yana shafa bonet ɗin Shuɗiya kamar mai lallashin jariri, "wannan ai ba mota ba ce, amarya ce. Wata baiwar Allah ce mai ita, daga gida sai makarantar yara, daga makaranta sai gida. Wallahi ko babban titi ba ta sani ba."

Na tambaye shi Farar fa.

"Wannan ta ga duniya. Ta wani ma'aikaci ce da ke zuwa aiki wani gari kullum. Lafiyarta lau, na rantse. Amma kai da ganinka, ranka ya daɗe, ba ajinka ba ce."

Na yi masa bayanin cewa ba na sayayya da aji, ina yi ne da ma'aunin farashi a kan kowace kilomita da ta rage wa inji. Ya dube ni, ya dubi takalmina, ya ce, "Allah ya ƙara ilimi." Ban tabbatar addu'a ce ba.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Ƙafafun Baba sun sake kumbura. Na auna wurin ajiye mota a tsakar gida: mita biyar da rabi, ya isa.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Yau ni na raka shi, domin Yaya tana da jarrabawar ɗalibanta. Mun fito daga asibiti ƙarfe ɗaya da rabi, muka zauna a tasha har uku saura ana jiran mutum biyu su cike mota. Na ce zan biya kuɗin kujerun biyu mu tashi. Baba ya riƙe mini hannu ya ce kada in kuskura, shi ma direba ne, ya san darajar jira. Leɓunansa sun bushe, ga mai sayar da ruwan sanyi yana ta kai-kawo a gabanmu, shi kuwa ya riga ya sha rabon da aka ƙayyade masa na yini. Ya bi mutumin da ido sau ɗaya, ya kau da kai.

A hanya direban ya sa giya ta huɗu a kan hawa. Baba, idonsa a rufe, ya ce, "Ɗan nan, sauko uku, kana kashe ta." Direban ya sauko. Ita ce kaɗai maganar da ya yi cikin kilomita saba'in.

Likitar ta aiko a ce tana son ganin wani daga cikin 'ya'yansa. Na ce Yaya za ta zo Litinin. Rarraba aiki ginshiƙin kowace cibiya ce mai tsari: ita asibiti, ni mota.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe 4:10 na yamma

Na kammala jadawalin, kuma ba don yabon kai ba, aiki ne da zai iya tsayawa gaban kowane kwamiti. Na ɗauki ƙiyasin cewa irin wannan inji yana kai kilomita dubu ɗari uku da hamsin kafin ya buƙaci babban gyara. Ke nan Fara na da ragowar dubu talatin da takwas, Shuɗiya na da dubu ɗari biyu da hamsin da shida. In aka raba da tafiyarmu ta mako, Fara za ta yi shekara ɗaya da wata tara, Shuɗiya shekara goma sha ɗaya da ɗoriya. A ɗaya ɓangaren, bambancin farashinsu daidai yake da kuɗin wankin ƙodar Baba na wata bakwai.

Na ja layuka da jan biro. Gobe zan gabatar.

Lahadi, 9 ga wata, ƙarfe 5:50 na yamma

Zan rubuta abin da ya faru yadda ya faru, domin amanar tarihi.

Mun taru a falo. Baba a doguwar kujera, ƙafafunsa a kan matashi. Umma a gefensa tana gyaran wake a faranti. Yaya a bakin ƙofa. Na manna jadawalin a jikin kwali, na jingina shi da talabijin, na fara. Na yi bayanin farashi, na yi bayanin mita, na yi bayanin ma'aunin. Baba yana gyaɗa kai, har ya ce, "Ka ga amfanin boko." Ina jin wannan ne ya sa na saki jiki.

Na zo kan natija, na karanta ta yadda na rubuta ta: "Saboda haka, Shuɗiya ce zaɓin hankali, sai fa idan buƙatar ba za ta wuce shekara ɗaya da wata tara ba, a wannan hali Fara ta fi riba."

Umma ta ɗago kai ta ce, "Buƙatar me?"

Da gaske take tambaya. Ba ta gane ba. Na buɗe baki in fayyace mata, sai na ji abin da zan faɗa kafin in faɗe shi.

Wake biyu suka faɗo daga farantin. Ba wanda ya ɗauka. Yaya ta dube ni da wani irin ido da ban taɓa gani a fuskarta ba, babu ma raini a cikinsa, da na so a ce akwai.

Baba ya daɗe yana kallon kwalin, kamar mai karanta allon kan hanya daga nesa. Sannan ya ce, "Aikinka ya yi kyau. A sayi Farar."

Na ce, "Baba, ba ka fahimci jadawalin ba, ai Shuɗiya ya nuna."

Ya ce, "Na fahimta. A sayi Farar." Ya nemi a taimaka masa ya tashi.

A mahangar ilimi babu kuskure a jimlar. Na sake duba ta sau huɗu. Babu kuskure.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe 7:00 na safe

Sun tafi. Ba a tashe ni ba.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe 11:30 na safe

Na sami Yaya a kicin tana auna ruwan Baba a ƙaramin kofin nan mai layi. Na ce mata wajibi ne mu haɗa kai mu shawo kansa a kan Shuɗiya, domin mota kadara ce ta dogon zango.

Ta ce, "Dogon zangon wa?"

Na ce na iyali.

"Farfesa, ka san abin da likita ta ce mini jiya?"

Na ce wannan ba ɓangarena ba ne.

"Ba ɓangarenka ba ne, amma ka iya tsayawa gaban mutum da kwali ka karanta masa kwanakinsa da jan biro. Ko malamin duba yana sassauta murya."

Na ce ban karanta kwanakin kowa ba, sharaɗi ne na lissafi, ana kiransa hasashe mai rassa biyu.

"To ya zaɓi reshensa. Sai ka bar shi." Ta ɗauki kofin. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "In kana son ji, ina nan. In ba ka so, kada ka ƙara yi mini turancin Hausa."

Ban tambaya ba. Ba tsoro ba ne, tsari ne. Bayanin da ba zai canza farashi ko mita ba, ba shi da gurbi a jadawali.

Shuɗiya za a saya. Shekara goma sha ɗaya da ɗoriya.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe 3:15 na rana

Na je garejin Kawu neman goyon baya. Kawu ƙanen Umma ne, bakanike, kuma a hannun Baba ya fara sanin inji, shi ya sa har yau "Maigida" yake kiransa. Na same shi rabin jikinsa a ƙarƙashin wata mota. Na karanta masa alƙaluman daga sama, yana amsawa daga ƙasa.

"Ita mai dubu casa'in ɗin, ina take zuwa?"

Na ce makarantar yara, kilomita uku.

Ya turo kansa waje, ya goge hannu da tsumma. "Ɗana, dizal ba ya son wannan gatan. Injin dizal sai ya yi zafi ya miƙe a hanya yake ƙone dattinsa. Wadda ake tayarwa a kashe, a tayar a kashe, kafin ta ɗumama an iso, cikinta duk kunkunniya ce. Ita kuwa mai dubu ɗari ukun, in a babban titi ta yi su, ƙila ta fi ta lafiya."

Na ce "ƙila" ba ma'auni ba ne. Na nemi ya ba ni adadi.

"Adadi? Na ga injin da ya mutu a dubu ɗari da ashirin. Na ga wanda ya haura dubu ɗari shida yana waƙa. Wannan dubu ɗari uku da hamsin ɗin naka, wa ya ba ka?"

Na ce matsakaicin ƙiyasi ne.

"To ni ban taɓa gyara matsakaiciyar mota ba. Wadda aka kawo nake gyarawa." Ya koma ƙarƙashi. Daga can ya ce, "Yaya jikin Maigida?" Na ce da sauƙi. Spanarsa ta tsaya cak. Na yi masa sallama.

Na lura mutanen da ba su yi nazari ba suna da wata ɗabi'a ta rusa ƙa'ida da labari guda.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe 10:40 na safe

Jiya da yamma Baba ya ce yana son ganin motocin da idonsa. Ya kafa sharaɗi biyu: da sassafe, kuma kada in gaya wa dillali. Na ga rashin sanarwa bai dace da ƙa'idar mu'amala ba, don haka na tura wa mutumin saƙo cewa muna tafe ƙarfe bakwai.

Kawu ya kai mu a motarsa. Baba ya sa babbar rigarsa mai ruwan toka, wadda yanzu ta yi masa yawa a kafaɗa. Dillali ya tarye mu da "Sannu da zuwa, Baba, sannu da ƙarfin hali," ya kawo kujera. Baba bai zauna ba. Bai dubi mita ba, bai buɗe ƙofa ba. Ya taka a hankali zuwa Shuɗiya, ya ɗora tafin hannunsa a kan bonet, ya bar shi nan.

Ya ce, "Wa ya tayar da ita?"

"Wallahi, Baba, ba wanda..."

"Da ɗumi. Rana ba ta yi zafi ba tukuna."

Dillali ya ce ai an ɗan gyara mata tsayuwa ne. Baba ya juyo ya dube ni. Na dubi makullan dillali.

Ya taka zuwa Fara, ya ɗora hannu. "Wannan ba a damu da ita ba," ya ce, "ita za ta faɗi gaskiya." Ya sa Kawu ya shiga ya murɗa makulli, shi kuma ya zagaya baya ya tsaya kusa da salansa, yana dafe da but. Bugu ɗaya ta tashi. Hayaƙi ya ɗan fito ya ɓace. Baba ya rufe ido, ya karkatar da kai, ya saurara tsawon lokacin da ya ishe ni in ji kunya sau biyu. Na ga bakinsa yana motsi tare da bugun injin.

Ya yi mini bayani, ba tare da ya ɗaga murya ba, cewa injin dizal da safe yake faɗin ciwonsa, kafin ya yi zafi. In ya ɗumama, mai ciwo da mai lafiya duk murya ɗaya gare su. Wanda ya tayar maka da mota kafin ka iso, ya amsa tambayar da kai ya kamata ka yi.

Na ce wannan bai tabbatar da cewa Shuɗiya na da aibi ba.

"Bai tabbatar ba," in ji shi. "Ka hana ta magana ne kawai."

Daga nan ƙafafunsa suka gaza. Kujerar da ya ƙi ɗazu, ita aka kawo da gudu. Dillali ya miƙo masa ruwa a gora, ni da Kawu da shi kansa Baba muka ce "A'a!" a tare. Mutumin ya tsaya da gorar a hannu, bai san laifinsa ba.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe 1:00 na rana

Baba bai ci komai ba. Na wanke wurin ajiye motar.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe 6:20 na yamma

Sun dawo a makare, Kawu da Yaya suna riƙe da Baba ta kowane gefe. An ce jininsa ya sauka ana tsakiyar wankin, sai da aka dakata. Wannan ba shi ne maudu'in ba.

Dillali ya kira sau uku. Wai wani ya taya Shuɗiya, zuwa gobe da azahar in ban zo ba ta tafi. Na san dabarar kasuwa ce. Na kuma san kuɗin suna hannuna, Baba ya sa hannu tun makon jiya. In na kawo Shuɗiya ƙofar gida, ba wanda zai iya mayar da ita. Zai yi fushi kwana biyu. Mutumin da yake da motar shekara goma sha ɗaya a tsakar gidansa dole ya sake tunani.

Na san wannan jimlar ba ta da mantiƙi. Na bar ta.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe 4:30 na yamma

Ina ɗaura takalmi da safe Umma ta fito ta tsaya a kaina. Ba ta tambayi inda za ni ba.

Ta ce, "Wacce za ka kawo?"

Na fara yi mata bayanin kadara da dogon zango. Ta bari na gama, abin da Yaya ba ta taɓa yi ba.

Sannan ta ce, "Ni ban san mota ba. Amma wata biyu ke nan Babanku bai zaɓi komai ba. Ruwan da zai sha, an auna. Gishiri, an hana. Ranar da zai fita, an rubuta. Hannun da zai kwanta a kai ma an gaya masa. Kowa ya fi shi sanin jikinsa. Abu ɗaya ya rage a duniyar nan da ya fi ku sani, kai da likitar da yayarka duka. Shi ma za ka karɓe?"

Na ce, "Umma, in ya zaɓi Fara don yana ganin..." Ban ƙarasa ba.

"Ko don me ya zaɓa, shi ya zaɓa." Ta gyara mini wuyan riga, ta koma ciki.

Na isa filin ƙarfe goma. Babu wani mai taya Shuɗiya, tana nan inda take. Na nemi makullinta, na shiga, na rufe ƙofa, na zauna. Ban tayar ba. Na dubi mitar: sifili, tara, huɗu. Na yi kusan rabin awa. Dillali ya leƙo sau biyu, a na biyun ya ga fuskata ya koma bai rantse ba.

Na fito na ce a kawo takardun Fara. Na yi ciniki kamar mai jin haushi, har ya rage abin da ban zata ba, ya ce, "Yallaɓai, ashe kai ma ɗan kasuwa ne." Kawu ya zo ya tuƙo ta. Na zauna a gefe.

Da muka shigo, Baba yana taga. Ya ɗaga hannu ɗaya.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Ofishin rajistar motoci. Ɗaki mai benci huɗu, fanka ɗaya, taga uku, biyu a rufe. Baba ya dage sai ya zo. Mun yi awa ɗaya da minti arba'in a layi, shi a zaune, ni a tsaye da fayil.

Ma'aikaciyar ta ja fom, ba ta ɗago ba, ta ce, "Sunan sabon mai mota?"

Na fara faɗin sunan Baba. Daga benci ya ce, "'Yata, sa na yaron."

Na juya na ce, "Baba, kuɗinka ne, filinka ne, zaɓinka ne. A shari'ance da a hankalce motarka ce."

"Ka ga layin nan?" ya ce. "Kana son ka sake binsa?"

Na ce ba na bin kowane layi, domin babu dalilin da zai sa a sake canza suna.

Ma'aikaciyar ta ɗago yanzu. Ta dubi Baba, ta dubi filastar da ke hannunsa, ta dube ni. Ta ajiye biro ta ce, a hankali, "Ku yi shawara, ba sauri." A ofishin da kowa ke sauri.

Na durƙusa a gabansa, a gaban mutane, na rage murya. Na ce, "Baba, don Allah ka gaya mini. Don injin ka zaɓe ta, ko don abin da na karanta ran Lahadi?"

Ya ce, "Injin yana da kyau."

Na jira.

"Abin da ka karanta kuma, ba kai ka fara lissafa shi ba. Na riga ka da wata biyu. Kai dai ka faɗa da ƙarfi ne." Ya dafa kaina, abin da bai yi ba tun ina firamare. "Likita ba ta sani ba. Ni ban sani ba. Kai ma da digirinka ba ka sani ba. Tashi ka ba ta sunanka, mutane na jira."

Na ba ta. Ta ce in maimaita, ba ta ji ba.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe 8:00 na safe

Kawu ne ya kai su yau, lambar ba ta fito ba. Jiya da yamma na tambayi Yaya. Ta gaya mini. Ba zan rubuta ba.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe 10:15 na safe

Ina rubutu a cikin motar, a filin ajiye motoci na asibiti, littafin a kan sitiyari. Ni na tuƙo. Umma da Yaya a baya, Baba a gaba, ya tura kujerar har ƙarshe ya miƙe ƙafa.

Kilomita saba'in, gyara goma sha tara. Na ƙirga. Ina saurin canza giya. Ina ɗora ƙafa a kuloci ba dalili. Ina riƙe sitiyari kamar zai gudu. Ina taka birki kamar mai kashe kunama. A kan hawan nan ya ce, "Saurara, kada ka dubi allo, ita za ta gaya maka." Na saurara. Ban ji komai ba sai ƙara, amma na sauko uku, ya ce, "Yawwa." Yaya ta ce daga baya, "Farfesa ya ci jarrabawa," Umma ta yi dariya har da tari. Tun da aka fara wannan zirga-zirga ban ji ya yi magana mai yawa haka ba.

Da muka iso na kashe mota nan take, ya ce kuskure na ashirin: bayan doguwar tafiya a bar ta ta ɗan huta kafin a kashe. Na zagayo na buɗe masa ƙofa. Ya sauko da ƙafa ɗaya, ya tsaya, ya leƙa mitar.

Ya ce, "Kawunka ya yi mata juyen baƙin mai ran Asabar. Na gaba, in ta ƙara dubu biyar. Kada ka kai ta gareji, kada ka bari kowa ya taɓa. A tsakar gida za a yi. Kai za ka shiga ƙarƙashi, ni ina kan kujera ina gaya maka. Ka ji?"

Na ce na ji.

"Ka tanadi spana mai lamba sha bakwai da tsohon bokiti."

Ya kama hannun Yaya, suka shiga.

Dubu biyar. Mako goma sha biyu ke nan. Akwai shagon kayan gyara a tsallaken titi, na hango an buɗe. Ina da awa huɗu. Bari in je in sayo spanar.